Gawo da Bagaruwa: Dangantakarsu, Mazauninsu, da Halin da Suke Ciki a Ƙasar Sakkwato

Wanda ya bi hanyar Illela a watan Agusta zai ga abin da baƙo kan yi wa gurguwar fahimta. Gero ya yi kore shar, dogon yaro da aduwa sun cika da ganye, amma ga waɗansu manyan itatuwa tsaye tsakiyar gonaki, rassa farare, babu ganye ko na magani, sai ka ce sun bushe. Gawo ke nan, kuma lafiyarsa ƙalau. Idan aka gangara fadamar gulbin Rima a cikin watan, ga bagaruwa can ruwa ya kewaye gindinta, ganye ya rufe ta, furanninta ruwan ɗorawa sun yi curi-curi kamar ƙananan ƙwallaye. Dukansu masu ƙaya ne, ganyensu ƙanana ne masu kama da juna, kuma littattafan ilimin tsirrai sun fi shekara 100 suna saka su a gida ɗaya. Amma tun daga furen har zuwa abin da ke kashe su, kowane da tasa hanya.

Babban danginsu ɗaya ne, wanda masana ke kira Fabaceae, wato dangin wake da gyaɗa da ɗorawa da tsamiya. Alamar dangin ita ce ƙwaya a jere cikin kwanso. Gawo da bagaruwa suna da wata baiwa irin ta wake: a saiwoyinsu akwai ƙananan ƙululai inda bakteriya ke zama tana zuƙo naitirojin daga iska, sinadarin nan da manomi ke saye cikin buhun yuriya. Daga nan kuma sai rabuwa.

A 1753 masanin tsirrai Carl Linnaeus ya sanya wa bagaruwa suna Mimosa nilotica, saboda an san ta a bakin kogin Nilu. A 1813 wani Bafaranshe mai suna Delile, wanda ya bi rundunar Napoleon zuwa Masar, ya wallafa ta da sunan Acacia nilotica, ya kuma bayyana gawo da sunan Acacia albida, ma'ana mai fari-fari, don hasken rassansa. A 1934 Auguste Chevalier, wanda ya daɗe yana yawon nazarin tsirrai a Afirka ta Yamma, ya ce gawo ba ɗan wannan gida ba ne. Ya buɗe masa jinsi nasa shi kaɗai, Faidherbia, daga sunan Louis Faidherbe, tsohon gwamnan Faransa a Senegal. Daga cikin abin da ya bambanta shi, zaren namiji na furensa a haɗe suke daga tushe, ga kuma ɗabi'arsa ta zubar da ganye da damina. An daɗe ba a bi Chevalier ba, shi ya sa tsofaffin takardun ma'aikatar gandun daji ke cike da Acacia albida. Binciken ƙwayoyin gado ne ya zo daga baya ya ba shi gaskiya, har ya nuna cewa gawo ya fi kusa da dakwara a kan bagaruwa. Har gobe Faidherbia albida ba shi da wa ba shi da ƙane a cikin jinsinsa.

Ita bagaruwa labarinta da ɗan ɗaci. Ita ce asalin icen da aka ɗora sunan Acacia a kansa, ita ce ma'aunin jinsin. Da aka gano cewa tarin itatuwa sama da 1,300 da ke ƙarƙashin sunan ba zuriya ɗaya ba ce, dole a raba gida, ƙa'ida ta nuna sunan zai zauna wa ɓangaren bagaruwa. Sai dai kusan 1,000 daga cikinsu na Ostareliya ne, masanan can suka nemi a bar musu sunan. Taron masana tsirrai na duniya a Vienna a 2005 ya amince, na Melbourne a 2011 ya tabbatar, duk da ƙorafin masanan Afirka, ƙorafin da yake da hujja. Tun 2008 sunan bagaruwa ya koma Vachellia nilotica. Farar ƙaya da dushe sun bi ta zuwa Vachellia, gidan masu miƙaƙƙiyar ƙaya biyu-biyu, galibi da fure curi. Dakwara da sarƙaƙiya sun koma Senegalia, gidan masu ƙaya lanƙwasassa kamar farce. Gawo kuwa ƙayarsa miƙaƙƙa ce biyu-biyu irin ta gidan farko, furensa dogo ne kamar ƙaramar zangarniya irin na dakwara. Wannan gaurayen kama shi ya rikita masana tsawon zamani. Ɗalibi ko ma'aikacin da ke neman bayani a intanet ya nema da tsohon suna da sabo, in ba haka ba rabin abin da aka rubuta zai wuce shi. Manomin Gwadabawa dai bai taɓa haɗa su suna ɗaya ba.

A fili rarrabe su ba wuya in sun girma. Gawo kan kai mita 20 zuwa 30, ɓawonsa toka-toka, ƙananan rassansa farare masu karkace-karkace, 'ya'yansa jajaye-jajaye a nannaɗe kamar kunne. Bagaruwa, wadda wasu ke ce wa gabaruwa, ba ta cika wuce mita 15 ba a nan, ɓawonta baƙi ne mai zurfin tsaga, kanta a dunƙule. Inda ake kuskure shi ne a ƙanana. Duba tsakiyar ganyen: a gawo akwai ɗan ɗigo tsakanin kowane reshen ganye biyu da ke fuskantar juna, launin ganyen kuma shuɗi-shuɗi ne mai toka. Ƙaramar bagaruwa ƙayarta ta fi tsawo, tana iya kai santimita 5 ko fiye, reshenta kuma ya fi duhu.

Bagaruwa ba iri ɗaya ba ce. Masana sun ƙirga ƙananan iri 9 a cikinta daga Afirka zuwa Indiya, uku daga ciki ne namu na Afirka ta Yamma, kuma kwanso ke raba su. Mai suna nilotica kwansonta sumul ne, a tsuke tsakanin ƙwaya da ƙwaya kamar carbi. Mai suna tomentosa ita ma carbi ce, amma da gashi-gashi mai toka. Waɗannan biyu 'yan bakin ruwa ne, suna jure ambaliya ta watanni a ƙasar laka. Ta uku, adstringens, kwansonta mai faɗi ne wanda bai tsuke sosai ba, ita ce ake gani a tudu, bayan gari, gefen makabarta da shingen garka. Wannan bambanci yana da amfani ga mai dashe. Irin fadama da aka kai jigawar Gada zai sha wahala, irin tudu kuma ba ya son ruwa ya kwanta masa tsawon lokaci.

Ruwan sama a Sakkwato yakan tsaya tsakanin milimita 600 zuwa 700 a shekara, daga Yuni zuwa Satumba, sannan zafin Afrilu ya haura digiri 40. Abin tambaya shi ne yadda gawo ke fitar da sabon ganye a Oktoba, ya yi fure cikin hunturu, ya nuna 'ya'ya daga Janairu zuwa Maris, lokacin da ƙasa ta bushe ƙamas. Amsar tana ƙarƙashin ƙasa. Gawo ba da ruwan sama yake rayuwa kai tsaye ba, da ruwan da rijiya ke kaiwa yake sha. Tun yana ɗan tsiro yake tura doguwar saiwa ƙasa kafin ya damu da tsawo, kuma a Senegal an bi saiwarsa har zurfin da ya wuce mita 30. Saboda haka mazauninsa shi ne jigawa mai zurfin rairayi, tsoffin hanyoyin ruwa, da gefen fadama inda ruwa ba ya kwanciya. Inda marmara ta tare ƙasa kusa da sama, ko fako, gawo kan tsaya a dunƙule shekara da shekaru. Yaɗuwarsa ta kama daga Senegal zuwa Habasha, ta gangara Namibiya da Afirka ta Kudu, ta haura Masar da Falasɗinu. Amma inda ya fi yawa ba daji ba ne, gona ce. Gawo icen mutane ne da bisashe: saniya ko akuya ta ci 'ya'yan, ruwan cikinta ya tausasa ɓawon ƙwayar, ta kasayar da ita cikin taki, manomi ya ga tsiron ya kauce masa da hauya. Cikin birnin Sakkwato ma sunan shiyar Gawon Nama shaida ce ta wannan tsohon zama tare.

Ana yawan faɗin cewa hatsi ya fi kyau a ƙarƙashin gawo, kuma gaskiya ne. Awon da aka yi a Bambey ta Senegal cikin shekarun 1960 ya sami gero ƙarƙashin gawo ya ninka na fili har da ɗoriya. Dalilan dai sun fi ɗaya. Ganyen na zuba daidai faɗuwar ruwa ya ruɓe nan take. Bisashe sun yini a inuwarsa duk rani suna zuba kashi da fitsari. Rassan da ba ganye suna rage zafin ƙasa kaɗan lokacin da tsiron gero ke da rauni, ba tare da sun hana shi rana ba. Masu bincike a cibiyar nazarin amfanin gona ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai sun ƙara da wani abin lura: sau da yawa gawo kan kama ne a gurbin da dama can ƙasarsa ta fi kyau. Don haka wanda ya dasa gawo bana kada ya sa ran ninkin hatsi baɗi. Sai icen ya yi kai, abin da kan ɗauki shekara 10 zuwa sama.

Bagaruwa ba ta da wannan ladabi a gona. Ganyenta na nan da damina, inuwarta mai duhu ce, saiwoyinta na gefe suna rabon ruwa da shuka. Shi ya sa manomi ke barin gawo a tsakiya ya kore ta zuwa iyaka. Darajarta a wani wuri take, wajen majema. Kwansonta, idan an cire ƙwaya, sama da kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa sinadarin tanin ne, mai ɗaure fata ya hana ta ruɓa. Da shi aka jeme fatar jar akuyar Sakkwato da ta ratsa Sahara, Turawa suka saye ta a hannun 'yan kasuwar Maroko suka laƙaba mata sunan can. Bayan an jiƙa fata, an zuba ta a ruwan toka gashi ya saki, an kankare, sai a daka busasshiyar bagaruwa a turmi, a sheƙe ƙwayar, a jiƙa garin, a riƙa cuɗa fatar a ciki har ya ratsa ta. Abu biyu ke ɓata aikin. Bagaruwar da aka tsince a ƙasa bayan ta sha laima tana ba da fata mai duhu da dabbare-dabbare, shi ya sa wadda aka kaɗo daga icce da zarar ta ƙosa, aka shanya a inuwa, ta fi tsada. Sannan ruwan bagaruwa ba ya shiri da ƙarfe: in ya taɓa tsatsa sai ya koma baƙi, ya bar tabo. Wannan haɗuwar ce kuma dukawa da masu tawada ke nema da gangan idan baƙi suke so. A matsayin abincin bisashe kuwa, 'ya'yan gawo masu furotin kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari sun fi, domin tanin ɗin bagaruwa in ya yi yawa yana hana dabba cin moriyar abin da ta ci.

To, ina matsayinsu a ma'aunin kariya? Ƙungiyar IUCN, mai Jan Kundin halittun da ke cikin haɗari, tana da rukuni 9, daga wanda ya ƙare ƙaf zuwa wanda ba a auna ba. Ɗaya daga ma'aunanta shi ne raguwar yawan halitta a duniya cikin shekara 10 ko zuriya uku, duk wanda ya fi tsawo: raguwar kashi 30 cikin ɗari na kai ta rukunin masu rauni, 50 rukunin masu fuskantar ƙarewa, 80 rukunin da ke bakin ƙarewa. Gawo da bagaruwa duk suna rukunin da ba a fargabar ƙarewarsu, kuma babu ɗayansu a jerin yarjejeniyar CITES mai taƙaita cinikin halittu tsakanin ƙasashe. A kwatanta da madobiya, wadda saran katako zuwa Sin ya sa aka saka ta a jeri na biyu na CITES, na halittun da sai da izini ake fitar da su waje, daga 2017, IUCN kuma ta ayyana ta cikin masu fuskantar ƙarewa a 2018, ko kaɗanya da maɗaci da ke rukunin masu rauni. Bagaruwa ma a wasu ƙasashe annoba ce. Irin Indiya da aka kai Ostareliya don inuwa da kiwo ya mamaye makiyayan Queensland, har gwamnati ta saka shi cikin miyagun ciyayi na ƙasa.

Hukuncin IUCN daidai ne, amma amsar wata tambaya ce daban. Tambayarta ita ce ko icen zai ɓace daga doron ƙasa. Icen da ke tsiro daga Senegal zuwa Indiya ba zai ɓace ba ko da an share na Tangaza da Gudu gaba ɗaya. Kuskuren da ke da haɗari shi ne jami'i ko mai tsara shiri ya karanta wannan matsayi ya ɗauka babu aiki a nan. Gawo kan rayu shekara 70 zuwa 100, don haka gona na iya zama cike da manyan itatuwa alhali an yi shekara 30 babu ƙaramin da ya tsira. Ido zai ga inuwa ya natsu, har ranar da tsofaffin za su fara faɗuwa ɗaya bayan ɗaya.

Awon da ke faɗin gaskiya mai sauƙi ne. A auna fili mita 100 tsawo, 100 faɗi, kadada ɗaya ke nan. A ƙirga gawon da ke ciki kashi huɗu: wanda bai kai ƙirji ba, mai kaurin taɓarya, mai kaurin turmi, da wanda hannu biyu ba sa kewaye shi. Lafiyayyen fili ƙananan sun fi yawa, adadin na raguwa yayin da kauri ke ƙaruwa. Inda aka sami manya da tsiro amma babu masu kaurin taɓarya, iri na fitowa, wani abu ne ke kashe shi kafin ya tsere wa baki da ƙarfe. Inda ko tsiron babu, matsalar ta iri ce ko ta ruwa.

Masu kashe ƙaramin gawo sanannu ne. Garmar shanu da tarakta ba sa kauce wa tsiro yadda mai hauya ke yi. Wutar sassabe na ƙone shi. Akuya da raƙumi na cinye kansa da rani, lokacin da shi kaɗai ne kore a fili. Manya kuma sara ke cin su: makiyayi ya hau ya datse rassa kusan duka a Maris, shekara ta zagayo a maimaita. Gawon da aka yi wa haka ba ya 'ya'yan kirki a shekarun da ke biye, kuma sau da yawa yakan rikice ya fito da ganye cikin damina, ya yi wa geron inuwar da a da ba ya yi, mai gona ya ji haushi ya sa gatari. Ana kuma kaɗe 'ya'yan tas a kai kasuwa a buhu, takin da ke ɗauke da ƙwayar ya ƙare a turken cikin gari. Farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1985 sun nuna ɗaya raunin nasa, wato in ruwan ƙasa ya yi nisa fiye da inda saiwa ta tsaya, babban gawo kan bushe daga sama.

Bagaruwa kyawun icenta ne ya zame mata jarraba. Icen gawo sakwaf yake, ƙwari na cin sa, wutarsa ba ta daɗewa. Nata mai nauyi ne, gara ba ta cika damunsa ba, yana ba da ƙotar gatari da gawayi mai ƙarko, don haka mai gawayi ita yake fara nema. Masu sassaƙar magani kan kewaye gindin da wuƙa, kuma duk icen da aka yanke ɓawonsa zobe guda ya mutu, don ta nan abinci ke sauka zuwa saiwa. Mazauninta na fadama shi ne filin da shinkafa da albasa da alkama ke nema, ga kuma zargin da manoman shinkafa ke yi mata na ba tsuntsayen jan baki masauki. Madatsar Bakolori ta 1978 da ta Goronyo ta 1984 sun canza lokaci da faɗin ambaliyar da ke shimfiɗa laka mai laima inda ƙwayarta ke tsira.

Gyaran gawo mafi arha an gwada shi a maƙwabta, ƙetaren iyakar Sabon Birni. A yankin Maraɗi, daga 1983, wani masanin noma mai suna Tony Rinaudo da manoman wurin suka bunƙasa abin da ake kira sassabin zamani, wato rainon tohon da ke fitowa daga tsoffin kututtura da tsiron da ya fito da kansa. An ƙiyasta kadada miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a Nijar, kimanin 40 ke nan a kowace kadada, kuma a kudancin Damagaram gawo ne mafi rinjaye. Lokacin sassabe, a zaɓi toho ɗaya ko biyu mafi miƙewa a kowane kututture, a yanke sauran da kaifin wuƙa daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya yage, a rage rassan gefe zuwa rabin tsawo, a ɗaura tsumma don mai garma ya gani, a koma bayan wata uku zuwa shida. Tohon na saurin girma domin saiwarsa ta riga ta kai ruwa. Abin da ya riƙe aikin a can shi ne manomi ya tabbata icen da ya raina nasa ne. Ga manyan kuma, kada sara ya wuce kashi ɗaya cikin uku na rassa, a bar icen ya huta shekara biyu ko uku. Sakkwato na cikin jihohi 11 na shirin Babbar Koriyar Ganuwa na dasa itatuwa don tare hamada, kuma wannan hanya ta cancanci kaso mai tsoka a cikinsa, kusa da dashen dogon yaro da turare da aka saba.

Inda babu kututture sai reno. Ƙwayar duka biyun tana da tauri, in an shuka ta haka nan kaɗan ke fitowa. A ware masu hudar ƙwaro, a tafasa ruwa a sauke, a zuba ƙwayar a bar ta awa 24, ko a ɗan ƙwanƙwashe gefen ɓawon da abin yanke farce, nesa da idon. Wadda ta kumbura a shuka nan take, wadda ba ta kumbura ba a sake mata. Gawo na son doguwar leda, kamar santimita 30, kuma kada ya wuce wata uku zuwa huɗu a gidan reno. In ya daɗe, saiwar ta naɗe a gindin leda ko ta huda ta shiga ƙasa, a tsinke ta wajen ɗagawa, icen ya yi shekaru bai motsa ba. A fara reno a Afrilu, a dasa a Yuli in ruwa ya zauna, tazarar mita 10 ko'ina, itatuwa 100 a kadada, a rage su in sun fara haɗa kai. Kowane dashe na bukatar kewayen ƙaya na rani biyu ko uku. Bagaruwa ta fi sauƙi, tana karɓar shuka kai tsaye a gefen tafki, bakin kwazazzabo ko iyakar garka, ƙwaya uku a rami, tazarar mita 2 zuwa 3 in shinge ake so, ta fara ba da kwanso cikin shekara 5 zuwa 7. Iri kuwa ba sai an je nesa ba, ƙwayar da majema ke sheƙewa su zubar bayan daka ta ishi gidan reno, muddin an tambayi daga inda buhun ya fito, fadama ko tudu, kafin a zaɓi inda za a shuka ta.